Wayar da Ta Yi Wata Biyar a Adaka

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina tuƙa babbar mota. Na fara da ɗaukar goro daga nan Kumasi zuwa Legas da Kano, daga baya na bi hanyar Wagadugu da Yamai, na zauna Abijan shekara shida, na yi aiki a bakin tekun Sudan, na ƙare da jan tankar ruwa a Jidda har gwiwoyina suka gaza. A wannan yawo na tsinci harsuna da dama. Ina jin Tonanci, harshen Ashantawan da muke zaune a ƙasarsu, ina jin Yarbanci da Faransanci da Larabcin kasuwa, da Turanci gwargwadon wanda zai fitar da mutum daga hannun jami'in kan iyaka. Na kuma dawo da wani hali da ban san na ɗauko ba. Duk abin da aka yi a gabana, sai na faɗi yadda ake yin sa a wata ƙasa.

Cikin abubuwan da nake ganin babu mai koya mini har da batir. Na san batirin mota kamar yadda na san tafin hannuna: lokacin da za a ƙara masa ruwa, yadda ake kankare farin garin da ke taruwa a kansa, yadda ake tayar da wanda ya kwanta ta hanyar jona shi da batirin wata mota. A hanyar Yamai, idan batiran rediyonmu suka yi sanyi, mukan jera su a kan rufin mota su sha rana, da yamma mu mayar, rediyo ta ƙara yi mana kwana biyu. Da na sayi wayar hannu ta farko a Jidda, mai shagon ya gargaɗe ni da in bar ta sai ta ƙare ƙaf kafin in sa ta a caji, kuma kada in cire sai ta cika fal. Ya ce batir yana da riƙo, in ka saba masa da rabi, rabi zai riƙa ba ka. Ga irin wayoyin wancan zamani, gaskiya ya faɗa. Na riƙe maganar nan shekara da shekaru, ban taɓa tambayar ko ta tsufa ba.

Matata Hajiya a unguwar Moshi Zango aka haife ta. Iyayenta Mosawa ne da suka zo daga arewa tun kafin a haife ni. Da na aure ta na kawo ta gidanmu na haya a tsohon Zango, gida mai ɗakuna goma sha huɗu da tsakar gida ɗaya, kuma nan ta zauna duk tsawon yawona, tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida kowace safiya. Ta haihu huɗu, ɗaya ce ta rayu, mace. Yarinyar ta yi aure, mijinta ya ɗauke ta zuwa Italiya, kuma daga can ta aiko wa uwarta waya irin ta shafawa. Hajiya ba ta karanta boko, amma ta san lambobi, kuma ba ta yi mako guda ba ta gane inda ake dannawa a yi magana a aika. Tun daga ranar, gidanmu bai rabu da muryoyinsu ba. Da Hausa suke farawa, in zance ya yi zurfi su koma Mosanci, harshen da ta yi wa yarinyar reno da shi lokacin da ni nake kan hanya.

Waɗancan su ne shekarun yawan ɗauke wuta, wanda mutanen gari suke kira dumso. In aka kawo wuta, sai ka ji gida ya ɗauki hayaniya, kowa ya ruga ɗaki, soket ɗaya ya ɗauki waya biyar. Mutane sukan bar waya a jone har sai an sake ɗaukewa, don ba wanda ya san yaushe za a kuma gani. Ni ma haka nake yi, sai dai nawa da ƙa'ida: in tatse ta sai ta mutu, sannan in jona in tura ƙarƙashin matashi don kada a taka.

Hajiya kuwa nata daban. In ta tashi daga sayar da koko, ta wanke hannu, sai ta duba wayar. In ta ga ta kusa sauka kashi talatin sai ta jona, ba ta jiran ja ya fito. Ba ta kuma bari ta cika. Da ta ga tamanin da wani abu za ta zare. Tana da wani tsohon farantin tangaran mai tsaga a gefe, a kansa take ɗora wayar, a ƙasan siminti kusa da randa, inda ɗakin ya fi sanyi. In an kira ta tana caji, sai ta cire tukuna ta amsa. Cajar da 'yarta ta aiko tare da wayar ita kaɗai take amfani da ita, ba ta ara, ba ta ba da aro, har matan gida suna mata tsiya cewa cajar Hajiya ta fi amarya kulle.

Na sha gaya mata tana lalata wayar. Na ba ta labarin mai shagon Jidda ya fi sau goma. Wata rana da na matsa sai ta ɗauki tawa daga ƙarƙashin matashi ta ɗora mini a kunci.

"Alhaji, ji yadda take zafi. Ni ban je Jidda ba, amma shekara arba'in ina gaban wuta. Tukunyar da ka bari ta ƙafe sannan ka zuga mata wuta, ba ta daɗewa."

Na ce mata waya ba tukunya ba ce. Ta ce to, ta mayar mini da ita inda ta ɗauko. A shekara shida na canza waya uku, ita tana nan da guda ɗaya. Duk lokacin da tawa ta fara mutuwa kafin azahar, sai in ce kayan da ake kawo mana Afirka jabu ne, masu kyau a Turai suke tsayawa. Ba ta taɓa musa mini ba.

Ciwo ya fara mata da damina. Da farko kasala ce da rashin cin abinci, sai idanu suka sauya launi, sai ciki ya fara tasowa. A asibiti suka ce hanta ce, kuma an makara. Suka ba mu magungunan rage zafi muka dawo gida. A daidai lokacin 'yarmu tana da ciki wata biyar, bayan ɓari biyu da ta yi a baya. A Zango ba a kai wa mai ciki mugun labari, balle wadda take ita kaɗai a ƙasar sanyi. Hajiya da kanta ta yanke cewa ba za a gaya mata ba. Mijin 'yar kawai muka sanar, shi ma muka roƙe shi ya riƙe.

Don haka saƙonnin da Hajiya take aikawa ba su sauya ba. Takan gyara zama, ta yi gyaran murya, ta danna, ta tambayi ciki, ta ba da labarin wanda ya yi aure da wanda ya haihu, ta yi dariya, ta saki. Da ta saki sai ta koma ta kwanta tana haki.

Maƙwabciyarmu ta ɗakin gaba, wata tela ce da mijinta ya rasu, ita ta nuna mata wani wuri a cikin wayar da ake ɗaukar murya a ajiye ba tare da an aika ba. Daga nan Hajiya ta samu aikin la'asar. Kullum bayan salla takan ce in fita in sha iska. In ɗauki benci in zauna a bakin ƙofa, labule tsakaninmu, ita kuma ta fara magana da 'yarta a hankali, da Mosanci. Wani lokaci minti biyar, wani lokaci har rana ta sauka daga kan katanga. Na ji ta tana dariya, sau biyu na ji tana rera wani abu. Na ji sunana ya fito a tsakiyar zance fiye da sau ɗaya. Ban san me aka ce a kaina ba. Na koyi Yarbanci don in yi ciniki a Legas, na koyi Larabci don wani mai gida da ban zauna da shi shekara uku ba, amma harshen matar da na yi shekara arba'in da ɗaya da ita, ban wuce gaisuwa da sunan ruwa ba.

Kusan wata uku ta yi tana wannan ɗauka. Da ƙarfinta ya fara ƙarewa, cajin ya dawo wuyana, amma tana kwance tana lura. In na manta sai ta nuna mini soket da ido. Wata safiya ta kira ni ta sa wayar a hannuna, ta rufe da nata.

"Alhaji, in ta zo ka ba ta a hannunta. Kada ka aika, kada ka ba kowa ya ji. Kuma ka riƙa ba ta wuta kaɗan-kaɗan, yadda nake yi."

Na ce in Allah ya yarda ita da kanta za ta ba ta. Ta ce in dai amsa mata. Na amsa.

Ta rasu ranar wata Alhamis da hantsi, saura mako uku 'yarmu ta haihu. Kafin la'asar mun kai ta. A kwanakin zaman makoki wayar ta yi ta ƙara a kan farantinta, 'yan uwa daga Tamale da Bawku da Wagadugu suna kira, ba mai ɗauka, har ta yi shiru da kanta a rana ta biyu. Na gan ta, ban jona ba.

Bayan addu'ar bakwai na tattara kayanta. Magadanta uku ne: ni, da 'yarmu, da wanta da ke zaune a wani ƙauye bayan Wagadugu. A Sudan na taɓa ganin gida ya watse saboda zobe guda da wani ya ɗauka kafin a yi rabo, kuma tun daga nan nake faɗa wa mutane cewa kayan mamaci ba a taɓa ko allura sai magada sun hallara. Yanzu abin ya zo kaina. Na buɗe adakarta, wato akwatin ƙarfen da aka kawo ta da shi ranar aure, na jera zannuwa da mayafai da 'yan kunne, na naɗe wayar da cajarta a cikin wani farin mayafi na sa a tsakiya, na kulle. Na sa aka ɗora adakar a saman durowa, dab da rufi. Ɗakinmu ba shi da silin, kwano ne kawai. Makullin na kai wa limamin unguwa.

A raina na ce batirin da ya kwanta ai ba mutuwa ya yi ba. Na tayar da motar da ta yi wata takwas a ajiye a Abijan.

Telar ta tuna mini sau biyu. Karo na farko a bakin famfo ta ce ko na duba wayar Hajiya, don ta ji da kunnenta abin da aka ce mini. Na ce kayan gado ne, suna kulle. Karo na biyu ta ce ai liman ba zai hana a buɗe a jona a mayar ba. Na amsa mata da muryar da ta sa ba ta ƙara ba. Na faɗa wa kaina cewa tsoron Allah ne. Yau da nake rubutu na san akwai wani abu a ƙarƙashinsa. Ba na son in ga hasken wayar nan. Ba na son in zauna kusa da randa ina jiran tamanin, a ɗakin da babu mai nuna mini soket.

'Yarmu ta haihu lafiya, mace. Har ranar suna ina gaya mata wayar uwarta ce ta lalace, kuma jiki ya ɗan motsa mata. Washegarin suna mijinta ya zaunar da ita ya gaya mata. Da ta iya magana ta kira ni. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta tambayi ranar, ta tambayi wa ya yi wanka, ta tambaya ko ta sha wahala. Sai na gaya mata, don in ba ta abin riƙewa, cewa uwarta ta bar mata magana mai yawa a cikin waya, wata uku tana ɗauka, kuma ta ce sai a hannunta.

Takardun jaririyar suka riƙe ta. Mako ya zama wata, wata ya zama biyar. Kowace Juma'a takan kira, kuma kafin ta ajiye sai ta ce, "Baba, tana nan?" In ce tana nan, a kulle, ba wanda ya taɓa. Ta ce mini ta daina sauraron tsofaffin saƙonnin uwarta, don yanzu ta san na ƙarshen duk ƙarfin hali ne, tana jin hakin da a da ba ta ji ba. Na adakar take jira.

A cikin waɗannan watanni zafi ya sauka a Kumasi. Na yi zafin Yamai, na yi na Jidda inda kwalta take kama takalmi, amma namu yana da danshi, yana zama a ɗaki ya ƙi fita. Da rana ba na iya zama a ciki. In na miƙa hannu sama, tun kafin in kai kwano nake jin hucinsa. Adakar tana can tana sha, ni ina waje a kan benci.

Wan Hajiya ya iso ranar Talata, 'yarmu kuma za ta sauka Juma'a. Liman ya ce a buɗe a lissafa kayan tun yanzu, rabo sai ta zo. Aka sauke adakar, ya buɗe a gabanmu. Da na warware farin mayafin, sai na ga bayan wayar ya ɗago, ya rabu da jikinta ta gefe ɗaya, kamar burodin da ya tashi ya tsage. Liman ya juya ta a hannunsa, ya dube ni.

"Alhaji, wa ya ce maka a kulle waya? Ai kulawa da kayan mamaci yana cikin amana. Ko akuya ta bari, ba za ka ce ba za ta ci ba sai an yi rabo."

Ya ce in kai ta wurin masu gyara, ya ba ni izini a gaban wan. Na ce gobe. Da suka tafi na jona ta da cajarta. Na jira har magariba, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Ranar Laraba na tashi da niyyar zuwa kasuwa. Har na sa takalmi. Sai na tuna yadda zan tsaya gaban wani ɗan cikina in ce na bar waya ta kwanta wata biyar, shi kuma ya buɗe ta, wataƙila ya kunna muryar da aka ce kada kowa ya ji. Na kuma tuna hanyar Yamai. Na cire takalmin. Da hantsi na hau kujera na ɗora wayar a kan kwanon madafa, inda rana take bugawa sosai, na bar ta har aka kira azahar. Da zan sauke ta sai da tsumma. Na danne bayan da ya ɗago da babban yatsa har ya koma, na naɗe shi tam da tsinken robar taya. Na ajiye cajar Hajiya, na ɗauko tawa da na saya a tashar mota, wadda mai ita ya ce tana cika waya kafin a sha shayi. Na jona, na ɗora a kan katifa, don igiyar ba ta kai ƙasa.

Ba a yi minti goma ba fuskar ta yi haske. Hoton bikin 'yarmu ya fito, wanda Hajiya ta sa aka ɗora mata tun ranar farko. Na yi hamdala. Na ce a raina, ilimi ba ya tsufa. Na zauna ina kallonta tana hawa, biyu, uku, biyar. Tana da zafi, amma na ce na rana ne. Da aka kira la'asar na ja ƙofa na tafi masallacin bakin lungu.

Da na dawo, katifata tana tsakar gida, mata sun kewaye ta. Telar ce ta ji wari ta leƙa, ta ga hayaƙi, ta buge cajar daga soket da taɓarya, ta ja katifar waje ita kaɗai, ta zuba ƙasa a kai. Wutar ta ci rami a katifar, faɗin faranti. Warin ba na ƙonewar auduga ba ne, wani iri ne mai zaƙi da ke kama maƙogwaro. Ta tono wayar da cokalin miya ta ajiye a gabana. Fuskar ta fashe, robar da na ɗaura ta narke ta manne, rabin jikin ya zama baƙi. Hannun telar ya tashi a wuri biyu. Ta koma ɗakinta. Sauran matan suka yi mini barka da Allah ya kiyaye gida.

Ranar Alhamis na shiga taksi zuwa babbar kasuwa, layin masu gyaran waya. Aka nuna mini wani Ba'ashante mai furfura a gemu, aka ce in ya gaza kowa ya gaza. Na yi masa bayani da Tonanci. Na faɗi komai, har da kwanon madafa. Ya ɓamɓare robar, ya buɗe, ya daɗe yana dubawa da gilashin ƙara girma. Ya nuna mini wani ɗan baƙin abu da bai kai farcen yatsa ba, ya ce duk abin da ke cikin waya a nan yake zaune. Abin ya tsage biyu, gefensa ya kumbura. Ya tambaya ko an taɓa aika muryoyin, ko an ajiye su a wani wuri ta intanet. Na ce a'a.

"Papa, da ka kawo mini ita ranar Talata yadda ka same ta, batir kawai zan canza. Kafin ka gama shan ruwa na ba ka ita da komai a ciki."

Ya ci gaba da bayani. Ya ce batiran yanzu ba irin na da ba ne. Ba sa son a tatse su, ba sa son a bar su a cike suna jone, tsakiya suka fi so. In za a ajiye waya da daɗewa, a bar ta da rabi, a wuri mai sanyi, a riƙa leƙa ta. Zafi ne babban abokin gabarsu, kuma wanda ya kumbura ba a danna shi, ba a ba shi wuta. Ya ce mai wayar nan ta iya riƙo, don shekarunta sun fi na yawancin waɗanda ake kawo masa. Na tsaya ina saurare. Babu kalma ɗaya a cikin abin da ya faɗa da ban gani a kan farantin tangaran ba. Na je wurin wasu biyu a layin, suka duba suka miƙo mini.

'Yarmu ta iso ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, da jaririya a goye, ta biyo mota daga Akara. Mata suka tare ta a ƙofar gida, aka yi kuka, aka karɓi yarinyar ana zagayawa da ita. Ta gaishe da kawunta da Mosanci, ta durƙusa ta gaishe ni. Ta shiga ɗaki ta tsaya tana kallon gadon, wanda babu katifa a kansa. Na so in bari ta ci abinci, amma ta juyo ta ce, "Baba, ina take?"

Na ɗauko farantin daga kusa da randa. A kansa na ajiye ta tun jiya. Na miƙa mata, na zauna a bakin gado, na gaya mata tun daga ranar da uwarta ta sa wayar a hannuna har zuwa mai gyara na uku. Ban ɗora wa zafi ba, ban ɗora wa cajar tasha ba. Kawunta yana tsaye a bakin ƙofa. Ta saurara har ƙarshe, tana shafa gefen wayar da bai ƙone ba.

"Ta ce maka ka riƙa jona ta?"

"Ta ce."

Ta gyaɗa kai. Can ta ce, "Kana wajen lokacin da take ɗauka. Me ta ce?"

Na ce da Mosanci take yi. Ta ce ta sani, amma ko kalma ɗaya. Ina da kunnen harshe, shi ne abin da na yi taƙama da shi duk rayuwata. Nakan riƙe sautin magana ko ban san ma'anarta ba. Akwai wata jimla da Hajiya take faɗa kusan kullum kafin ta kira ni in shigo, na ji ta har ta zauna mini. Na tattaro ta, na faɗa yadda na ji, a hankali. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Kawun ya sunkuyar da kai ya fita tsakar gida.

Na tambaye ta me ake nufi.

"Ta ce, na gaji, gobe zan ci gaba."

Shi ke nan abin da na iya kai mata daga wata uku.

An yi rabo ranar Lahadi. Ba wanda ya lissafa wayar. Ta zauna mako uku, tana dafa mini abinci, tana wanke mini kaya, ta sayo sabuwar katifa. Ba ta ɗaga mini murya ko sau ɗaya ba. Da yamma takan shiga ɗakin telar, su daɗe. Na san abin da take nema a can, amma telar Bazabarma ce, ita ma ba ta jin Mosanci. Kafin kawun ya koma, ta zaunar da shi ta kunna tata wayar, ta sa ya faɗi sunayen iyayensu da kakanninsu da ƙauyen da suka fito, ya rera abin da yake tunawa na waƙoƙin uwarsu. Bai tuna da yawa ba. Ya ce waɗannan abubuwa mata ne suke riƙewa.

Ranar da za ta tafi na ga ta naɗe wayar a cikin farin mayafin ta sa a jakar hannu. Ta lura ina kallo, ta ce a Italiya ma akwai masu gyara. Na ce haka ne.

Farantin ya faɗo a rabona, ba wanda ya neme shi. A kansa nake ɗora tawa yanzu. In ta kusa talatin in jona, in zauna kusa da randa in jira, in zare kafin ta cika. Tana kira kowace Juma'a kamar da, ta nuna mini yarinyar, wadda ta fara tafiya. Mukan yi zancen gwiwata da na ruwan sama. Ba ta taɓa gaya mini abin da masu gyaran can suka ce ba, ni kuma ban tambaya ba.